Roƙo daga mai aski a Makka: ku yi mana shiri kan kansar fuska da fatar kai

Assalamu alaikum Edita, ina gaisuwa da fatan kana lafiya kai da duk ma'aikatanku. Ni mai aski ne a nan Makka, shagonmu yana wajen Misfala, na haura shekara 20 a wannan sana'a, kuma shirinku na lafiya ba ya wuce mu, a waya muke kunnawa kowa a shago ya ji. Kun sha yin magana kan kansar mama da ta bakin mahaifa, Allah ya saka, to amma akwai wadda ban taɓa jin an taɓo ba, wato wadda ke fitowa a fatar kai da fuska da wuya, kuma ni ita ce ta shigo mana gida.

Kawuna ƙanen mahaifiyata, dattijo ne ya ba 70 baya, ni nake masa aski duk Alhamis. Wata rana na ga wani wuri a tsakiyar kansa ya yi duhu kamar jini ya kwanta, na ce Kawu me ya same ka a nan, ya ce ai ƙofar mota ce ta buge shi, muka bar maganar. Wata biyu wurin bai washe ba sai ma faɗi da yake ƙarawa, in aska ta ɗan goga sai jini, kuma wlh ko kaɗan baya masa zafi, wannan rashin zafin shi ya yaudare mu. Muka je wani ƙaramin asibiti da a nan ake cewa mustausaf aka ba shi man shafawa, bai yi ba, mai saidaliyya, wato kantin magani, ya canza wani, a gida kuma ana ta zuma da man habbatussauda, ban raina ko ɗaya ba amma dai lokaci ne yake tafiya. Sai da kaluluwa ta fito masa a bayan kunne sannan muka dangana da babban asibiti, suka yanki ɗan nama wanda a nan ake cewa ayyina suka kai ɗakin gwaji. Sakamako ya fito wai anjiyosakoma. Likitan ya zaunar da ni ya ce kansa ce da ke tasowa daga bangon jijiyoyin jini, ta fi kama tsofaffi musamman maza a fatar kai da fuska, tana yaɗuwa a ƙarƙashin fata fiye da inda ido ke gani, kuma huhu take yawan tsallakawa. An yi tiyata an yi gashi da na'ura, amma ta riga ta yi nisa. Bara Allah ya karɓi abinsa, Allah ya jiƙansa.

Tun daga nan na zama mai yawan tambaya, duk likitan da ya zauna a kujerata sai na tatse shi, sauran kuma 'yata ke karanto min a intanet. Ashe ire-iren kansar fata suna da yawa, kowacce da rigar da take ɓuya a ciki. Akwai wadda ke fitowa a fatar ido daga 'yan jakunkunan maiƙo da ke wurin, ta fi yawa a fatar sama, kamanninta sak hazbiya. Mu kuwa hazbiya wa yake kai ta asibiti? Sai dai a yi ta tsokanar mutum. To in hazbiya ta ƙi tafiya wata da watanni, ko an matse ta dawo a wuri ɗaya, gashin idon wurin yana zubewa, musamman ga dattijo, wannan ba ta tsokana ba ce. Akwai kuma ta Makel, wadda wani likita Cyril Toker ya fara bayyanawa a 1972, ƙullutu ne mai tauri mara zafi amma cikin 'yan makonni sai ka ga ya ninka. A 2008 masana a Jami'ar Fitsbag ta Amurka suka gano wata ƙwayar bairos da ake samu a kusan 8 cikin 10 na masu ita. Ta fi kama fararen fata da suka sha rana, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni kamar wanda aka yi wa dashen ƙoda, kuma masu dashe ai muna da su a cikinmu.

Wadda ta fi tsaya min a rai ita ce ta tsohon tabon ƙuna. Yara nawa ne suka faɗa murhu ko ruwan zafi ya zubo musu a ka suka girma da tabo? Bayan shekara 20 ko 30 tabon yana iya buɗewa ya zama gyambon da baya warkewa, wani likitan Faransa Marjolin ya yi rubutu kan irin wannan gyambo tun 1828, mu har yau sammu muke cewa ko jifa. Ga 'yan'uwanmu zabiya kuma, su rana ce babbar abokiyar gabarsu, kunne da wuya da leɓe su suke fara lalacewa, balle ranar Makka da ko mu baƙaƙe muna gudunta.

Kada kuma mutane su firgita, ƙurajen nan na ƙeya da aski ke tayarwa, waɗanda ke kumbura su yi tauri, yawancinsu ba kansa ba ne, kullum ina ganinsu. Abin lura shi ne wanda yake girma, ko yake jini da kansa, ko ya ƙi warkewa sama da wata guda.

Abu biyu ke hana mutanenmu zuwa da wuri a nan. Na farko tsoro, wanda igamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu ko bai da ita sam gani yake ƙofar asibiti ƙofar tarhil ce, wato a kama shi a mayar da shi ƙasarsu, gara ya rufe abin da hula ko ɗankwali ya yi shiru. Na biyu wannan magana da ta zauna mana a ka wai baƙar fata bata kansa. Eh ta fi yawa ga turawa, amma Kawu baƙi ne wuluk. Kuma duk hotunan da 'yata ta nuna min a waya na farar fata ne, ja ko shuɗi raɗau, alhali a kan Kawu duhu ne kawai a kan duhu, in ba ni da nake riƙe kan duk mako ba babu mai lura.

Shi ya sa nake roƙo Edita, ku gayyato likitan fata Bahaushe ya yi bayani da harshenmu, ku sa hotunan yadda abin yake a baƙar fata a shafinku na Facebook, kuma don Allah ya yi magana kai tsaye da mu masu aski da wanzamai da mata masu kitso. Lokacin Umara a Ramadan ni kaɗai kawunan da nake askewa a rana ba sa ƙirguwa, kuma mutum baya ganin tsakiyar kansa, mu muke gani. A watan da ya wuce ma na ga wani abu a bayan kunnen wani alhaji ɗan Nijar, na ajiye aska na ce Baba in ka koma gida ka nuna wa likita wannan wurin, ya dube ni ya ce yaro askin na zo ko duba. Na dai maimaita wa ɗansa da ya rako shi, har na sa ya ɗauki hoton wurin a wayarsa.

Na gode, a gaida duk ma'aikata.

Naku mai sauraro,
wani mai aski a Misfala, Makka