Godiya ga mutanen ofishin tafiye-tafiyen nan na wajen kasuwar Dole

Assalamu alaikum jama'ar Damagaram.

Yau kwanana 12 da dawowa daga Maroko, kuma tun a cikin kar ɗin da ta ɗauko ni daga Yamai nake ta saƙa yadda zan yi in gode ma mutanen nan a bainar jama'a, don godiyar da na je na yi musu a ofis wallahi ban ji ta ishe ni ba. Ba zan kama suna ba saboda mai wurin ya ce kar in mai da abin talla, amma su sun san kansu, ɗan ƙaramin ofis ne da ake yankan biye na jirgi, tebur biyu ne kawai a ciki da fanka ɗaya.

Bari in fara da abin da ya same ni kafin in je wurinsu, don sai an san zafin rana ake sanin daɗin inuwa. Ƙanena yana karatu a Marrakech, a jami'ar Cadi Ayyad, shekara 3 kenan, kuma kullum in ya turo hoto a WhatsApp sai in ga wasu duwatsu can bayan gari da fari fat a kansu. Ni kuwa a Birni na tashi, tun muna yara hawan duwatsun nan na unguwa shi ne wasanmu, to sai abin ya shiga raina. Na tambaye shi ya ce ai tsaunukan Atlas ne, mafi tsawonsu sunansa Tubkal, mita 4167, babu wanda ya kai shi a duk arewacin Afirka, kuma mutane na hawa ba sai ƙwararru ba. Daga ranar na ce in Allah Ya yarda sai na taka shi. Shekara biyu ina tara kuɗi daga ɗan abin da shago ke kawowa.

Ofis na farko da na shiga, ina faɗin abin da ya kawo ni mutumin ya kwashe da dariya, har ya kira abokin aikinsa ya ce zo ka ji, Alhaji dutse zai je hawa a ƙasar waje, duwatsun garin nan ba su ishe shi ba. Ya ce in Umra ce ko Dubai saro kaya to bismilla, in ba haka ba su ba su da lokacin wasa. Na fito raina a ɓace, ni da kuɗina, ni da guminna. Na biyun kuma ya fi ciwo, don su da fara'a suka tarbe ni, komi na ce sai su ce an gama Alhaji, ba matsala Alhaji, suka amshi jika 150 a matsayin kafin alƙalami ba ko takardar shaida, daga nan fa sai dawo gobe, yau reso ba kyau, jibi patron ya yi tafiya, in na kira telefon ya yi ta ƙara ba mai ɗauka, wata biyu cur ina biyan kabu-kabu zuwa da dawowa. Sai da na sa wani dattijo na unguwarmu ya shiga maganar sannan kuɗina suka fito, su ma kashi uku aka biya ni. A lokacin har na fid da rai, maiɗakina ma ta ce ka haƙura mana, wata ƙila ba alheri a tafiyar.

Wani abokina mai sayar da kayan gini shi ya matsa mini in leƙa wannan ofishin. Na je ne ba don ina sa ran komi ba. Wata yarinya na tarar, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ta uku ba, na gaida ta na ce Malama wata magana ce ta kawo ni amma in abin dariya ne ki faɗa mini tun yanzu in kama gabana. Ta ce haba Alhaji, zauna tukuna ka sha ruwa. Da na gama bayani ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ce an gama ba, sai ta jawo wani littafi mai baƙin bango ta fara yi mini tambayoyi tana rubutawa. Shekarunka nawa, kana da hawan jini, ka taɓa yin asma, gwiwa fa, kilomita nawa kake iya yi a ƙasa ba ka tsaya ba. Ta ce gaskiya ita ba ta taɓa aika kowa hawan dutse ba, in ba ta kwana 3 ta bincika, in abin ya fi ƙarfinsu za ta faɗa mini kuma ba za ta amshi ko dala ba kafin nan. Kwana 3 ɗin na cika da hantsi ita ta kira ni, ba ni na kira ta ba. Wannan kaɗai ya sa jikina ya yi sanyi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ta riƙa rage ma kansu riba don amfanina. Akwai tsarin da abokan hulɗarsu na can ke sayarwa, a kai mutum Merzuga, tafiyar yini guda a mota daga Marrakech, ya hau raƙumi ya kwana cikin tudun rairayi, kuma shi ya fi tsada. Ta ce Alhaji kai ɗan Damagaram ne, raƙumi da rairayi kana da su a gida, in ka fita ka nemi abin da babu a nan, dogon dutse da ƙanƙara da teku. Ta soke shi da biro a gabana. Ni kuma na ga hoton masu hawan igiyar ruwa a kan allo a Tagazut kusa da Agadir na ce ina so, ta ɗago kai ta ce ka iya ruwa? Na ce iyakata tabki lokacin damina muna yara. Ta ce to ba da hannuna ba, teku ba tabki ba ne, in kana son ganinsa a kai ka Essawira ka sa ƙafa a baki ka dawo. Wallahi da waɗancan ne da sun amshe kuɗin, abin da ya same ni ya same ni.

Sai maganar asirans. Ni ban ma san akwai bambanci ba, ashe irin wadda aka saba yanka ma matafiya sau da yawa ba ta ɗaukar hawan dogon dutse ko tashi da lema, in ka ji ciwo a can sai su ce ba ya cikin yarjejeniya. Yarinyar nan ta zauna ta karanta ƙananan rubutun nan na faransanci da ba mai karantawa, layi bayan layi, tana fassara mini da Hausa, har ta samo wadda ta rubuta ƙarara cewa ta haɗa da tsawon da zan hau. Ta tura ni wajen likita a auna ni. Ta kuma ce sati 6 kafin tafiya kullum bayan sallar asuba in goya jaka mai nauyi in kama hanyar Mirya in yi awa biyu, kuma duk Juma'a sai ta aiko saƙo, Alhaji an yi tafiyar satin nan kuwa? Rigar sanyi a wajen masu gwanjo na samo ta, a tsakiyar Afrilu, zafi ya haura 40, mai kayan sai da ya kwance dila daga can ƙasa.

Biye da otel da sauran takardu duk sun yi daidai, jirgi daga Yamai zuwa Kasablanka, jirgin ƙasa wajen awa 3 zuwa Marrakech, ƙanena na jira na a tasha.

Hawan daga wani ƙauye ake farawa sunansa Imlil, kamar kilomita 65 daga Marrakech, a nan muka yi hayar takalmi da waɗansu ƙarafa masu haƙora da ake ɗaurawa a ƙasansa saboda ƙanƙara. Tun ƙarshen 2018 ba a barin baƙo ya hau sai da gid, wato ɗan jagora, jandarmomi na duba fasfo a hanya, kuma gid ɗin da ofishin nan suka haɗa ni da shi mai takarda ne, dattijo ne mai haƙuri. Mutanen wurin dangin Buzayenmu ne ta wajen harshe, na ji yana ce ma mai alfadari aman, na ce ruwa ko? Ya yi mamaki ya rungume ni. A hanya ya riƙa nuna mana inda girgizar ƙasar nan ta 8 ga Satumba 2023 ta taɓa gidaje, wadda ta kashe mutum kusan 3000 a yankin, Allah Ya ji ƙansu. Awa 6 muka yi muna hawa, alfadari na ɗauke da kaya, har muka kai gidan kwanan masu hawa da ke wajen mita 3200.

A nan ne abin ya juye mini. Da magariba kaina ya fara sara kamar ana buga guduma, zuciya na tashi, an kawo miya mai zafi na kasa kai cokali baki, in na yi taku goma sai haki. Ciwon tsawo ne, iskar da mutum ke shaƙa a can sama ba ta ƙosar da jiki kamar ta ƙasa, kuma daga mita 2500 yake fara kama mutane, ba ruwansa da ƙarfinka, balle ni da na fito daga garin da bai kai mita 500 ba. Gid ya ce gobe ba hawa, in ya ƙaru ma sauka za mu yi, maganinsa kenan. Hawaye suka zo mini don na ɗauka shi kenan shekara biyu ta tafi a banza. Sai ya ciro takardar tsarin tafiyar ya nuna mini, ashe mafi yawan mutane kwana 2 suke yi, ita kuwa kwana 3 ta sa mini, ta ƙara kwana ɗaya na hutawa a nan gidan saboda ta karanta cewa wanda ya zo daga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa yana bukatarsa. Ta faɗa mini tun a ofis, ni ne ban riƙe ba.

Kuma ba nan ta tsaya ba. Reso a wurin sai an dace, gid ya samu ya tura mata saƙo cewa za mu ƙara kwana, ta san Inna na can tana lissafin ranar da zan kira, kuma tsohuwa ba ta yarda da maganar telefon in ba muryata ta ji ba. Yarinyar nan bayan ta tashi aiki ta hau kabu-kabu da kuɗinta ta je har gidanmu a Birni, ta durƙusa ta gaida Inna ta ce Inna ɗanki lafiya lau yake, hutawa aka sa shi ya yi, jibi in sha Allah za ki ji shi. Sai da na dawo Inna ke ba ni labari, tana ta sa mata albarka. Wa zai yi maka wannan a zamanin nan don ka yanki biye a wurinsa?

Rana ta uku ƙarfe 4 na asuba muka fita da fitila a goshi, sanyi na yanka fuska, ƙarafan nan na cizon ƙanƙara ƙaras ƙaras, ruwan da ke cikin gorata har ya fara daskarewa a baki. Gid na gaba yana cewa a hankali Alhaji, a hankali. Bayan awa 4 da wani abu sai ga wani ƙarfe mai kusurwa uku a tsaye, ya ce mun iso. Na tuna a lakwal an koya mana dutsen Bagzan shi ne mafi tsawo a Nijar, mita 2022, ga ni a inda ya ninka shi har da ɗori, gajimare a ƙarƙashina. Na yi sujada a kan ƙanƙara, ƙanena na riƙe da kafaɗata muna kuka mu biyu.

Bayan na huta kwana 2 aka kai ni Agergur kusa da madatsar ruwan Lalla Takerkust na tashi da lema, kana ɗaure a gaban matuƙi, ku ruga 'yan taku kaɗan sai ka ji ƙasa ta sake ka, wajen minti 15 muka yi a sama. Ranar farko ma fasawa aka yi saboda iska ta yi yawa, kuma ba a ƙara mini ko sisi ba don ta sa an rubuta haka tun farko. Essawira kuwa na sa ƙafa a teku kamar yadda ta ce, na tsaya nan.

Abin da ke ci mini rai tun da na dawo shi ne me ya sa irin wannan ya zama abin mamaki a wurinmu. Ka je ofis da kuɗinka a riƙa kallonka kamar ka zo bara, ka yi sallama mai tebur na latsa telefon ko ɗago kai ba zai yi ba, takardar shaidar biya sai ka roƙa, in ka tambayi bayani a ce kai ka cika tambaya, in ba ka san wani ba takardarka ta kwana a ƙarƙashin tebur har ta yi ƙura. Ba masu biye kaɗai ba, ko'ina haka ne, wurin aika kaya, wurin gyaran mota, wurin neman takardun yara. An mai da ba matsala ta zama hanyar korar mutum, alhali in ka ce ban sani ba amma zan bincika ba abin da zai ragu a jikinka. Matasanmu nawa ke son su fita su ga duniya ta halal, su hau dutse su dawo gida, amma tun a bakin ƙofa ake kashe musu gwiwa da dariya, ko a cinye musu ɗan abin da suka tara.

Mai wannan ofis, na san za ka ga wannan rubutun, don Allah ka riƙe yarinyar nan da kyau ka ƙara mata albashi, ta cancanta. Ke kuma ƙanwata, Allah Ya saka miki da alheri, Ya ji ƙan mahaifa, Ya ba ki wanda zai kula da ke kamar yadda kika kula da Inna. Gwiwar da kika kira shekaranjiya kina tambaya ta yi sauƙi sosai. Rigar sanyin nan da safar hannu na sa an wanke, gobe in Allah Ya kai mu yaron shago zai kawo muku, ku ajiye ma duk wanda ya zo bayana yana son hawa.