Abin da ya sa alƙaluman Indiya suka kori na Rumawa daga kasuwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili mu yi magana kan alƙaluman nan goma, daga 0 zuwa 9, da yaranmu ke haddacewa tun firamare ba tare da an gaya musu yadda suka karɓe kasuwannin duniya ba. A ganinmu, sanin wannan tarihi zai gyara yadda ake koyar da lissafi.

Asalinsu Indiya ne. A shekarar 628 masanin lissafin Indiya Brahmagupta ya rubuta ƙa'idojin aiki da sifili. Wajen 825 Al-Khawarizmi ya wallafa littafi a Bagadaza kan lissafin Indiyawa, aka juya shi zuwa Latin a ƙarni na 12. Amma a Turai abin a hannun malamai ya tsaya, sai da Leonardo na birnin Pisa a Italiya, wanda ake kira Fibonacci, ya kai shi kasuwa. Mahaifinsa yana wakiltar fataken Pisa a gidan kwastan na Bijaya, a Aljeriya ta yau, kuma a can yaron ya koyi hanyar. A 1202 ya fitar da littafinsa Liber Abaci, cike da tambayoyin farashi, canjin kuɗi, musayar kaya da rabon riba tsakanin abokan jari.

Kafin nan, ɗan kasuwar Turai da tsakuwa yake lissafi a kan allo mai layuka, ya rubuta amsa kawai da haruffan Rumawa. Da an kwashe tsakuwar, aikin ya ɓace. In gardama ta tashi sai a sake daga farko. Sabuwar hanya kuwa tana barin kowane mataki a takarda. A ɗauki 38 sau 14: 38 sau 4 ya ba da 152, 38 sau 10 ya ba da 380, jimla 532. Magatakarda a wani gari zai iya bin layin nan ya ga inda aka kauce. Fibonacci ya kuma koyar da gwajin tara (9), hanyar duba amsa ta haɗa alƙaluman kowane adadi har su koma lamba guda. A haɗa 3 da 8 na 38 a sami 11, a sake haɗawa a sami 2. Na 14 ya ba da 5. Biyu sau biyar goma, wato 1. Alƙaluman 532 su ma goma suke bayarwa, wato 1, aiki ya daidaita. Sai dai a kula, gwajin ba ya kama wanda ya juya alƙaluma ya rubuta 523, ba ya kama wanda ya manta da sifili, domin jimlar ba ta canjawa.

Inda aka fi shan wahala shi ne kuɗin kansa. A kuɗin Italiya na wancan zamani, lira ɗaya soldi 20 ce, soldo ɗaya denari 12. Iyayenmu sun san wannan sarai, domin fam, sule da kwabo ma haka suke kafin zuwan naira a 1973. Duk mai tara kuɗi dole ya ɗauki ragowa a kan 12, sannan a kan 20, ga shi kusan kowane birni da nasa kuɗin da nasa ma'auni. Shi ya sa aka buɗe makarantun lissafin kasuwa. Marubucin tarihi Giovanni Villani ya ce wajen 1338 akwai irinsu shida a birnin Fulorans na Italiya, da yara dubu zuwa dubu da ɗari biyu.

Ba a karɓi abin hannu bibbiyu ba. A 1299 ƙungiyar 'yan canji ta Fulorans ta hana 'ya'yanta rubuta sababbin alƙaluma a littattafan ajiya. Tsoronsu yana da tushe, don da ɗan jan alƙalami 0 ke zama 6 ko 9, kuma ƙara sifili ɗaya a ƙarshe ya ninka bashi sau goma. Har gobe a takardar cek ana rubuta adadi da lamba da kuma kalmomi. Arahar takarda da injin ɗab'i ne suka kammala aikin: littafin lissafi na birnin Tireviso ya fito a 1478, na Luca Pacioli a birnin Banis a 1494, wanda ya bayyana yadda ake shigar da kowace ma'amala sau biyu, gefen shiga da gefen fita.

Roƙonmu ga malaman firamare da na Islamiyya a Kaduna shi ne su daina karɓar amsa tsirara. Yaro ya nuna gurbin ɗaiɗai, na gomomi da na ɗarurruka, ya faɗi aikin sifili a cikin 305, ya gwada amsarsa da tara. A ba shi tambayoyi irin na Kasuwar Barci: buhu nawa, mudu nawa, ribar mutum uku masu jari daban-daban. Masu shaguna kuma, ko da na'urar lissafi a hannu, su riƙa rubuta adadi, farashi da jimla kowanne a layinsa a littafin bashi, su ja layi bayan lambar ƙarshe don kada a sami wurin ƙari.

Wassalam.

Daga wasu malaman lissafi, Kaduna