Masu koyar da netwok a Kano, dan Allah ku nuna wa yaran nan amfanin kibod

Assalamu alaikum Malam Edita, barka da ƙoƙari. Ka ɗan sammin fili in yi magana da 'yan uwana masu cibiyoyin koyar da kwamfuta a garin nan.

Ni sana'ata haɗa netwok ce a ofisoshi da makarantu, kuma duk shekara ana turo min ɗalibai 'yan SIWES, wato masu zuwa koyon aiki a aikace daga manyan makarantu. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yaro zai zo ya ce ya yi CCNA, wato kwas ɗin netwok na kamfanin Cisco, kuma wallahi ya san karatun, amma ka zaunar da shi gaban rauta ta Cisco, na'urar da ke haɗa netwok da netwok, ya buga dogon umarni, harafi ɗaya ya kuskure, sai kawai ka ga ya koma tun farko yana sake bugawa da yatsa biyu, ga an ɗauke wuta batirin laftof na ƙarewa, ga mai aiki tsaye a kanmu yana tambaya ko an gama. Ba laifinsa ba ne, ba a nuna masa ba.

Alhali na'urar tana riƙe abin da ka buga. Danna kibiyar sama, ko Ctrl da P, umarnin baya ya dawo, kibiyar ƙasa ko Ctrl da N ka yi gaba. In ka rubuta show history za ta jero maka su. Yawanci umarni 10 take ajiyewa, da umarnin terminal history size kana iya kai shi har 256, sai dai na wannan zaman ne kawai, kana fita ya tafi, in kana so ya zauna sai ka sa history size a ƙarƙashin line console ko vty, wato saitin hanyoyin shiga na'urar, ka yi sebin.

Wanda na fi so shi ne Ctrl da A, ya kai ka farkon layi. Ka dawo da umarnin da ka yi kuskure, Ctrl A, ka rubuta no a gabansa, Enter, shi ke nan ka soke shi. Ctrl E ƙarshen layi, Ctrl W ya goge kalma ɗaya, Tab ya ƙarasa maka kalma, alamar tambaya ta gaya maka me ke biye. Sai Ctrl Shift 6, wannan kam kowa ya haddace shi, don in ka buga abin da rauta ba ta gane ba sai ta ɗauka sunan wata na'ura ce ta tsaya nema, yaro ya zuba tagumi yana zaton ta lalace, alhali Ctrl Shift 6 zai katse neman.

Amma fa a haɗa musu da gargaɗi, don ni ya taɓa cina. Ina zaune a Zoo Road na shiga suwic ɗin wani kamfani a Bompai daga nesa, wato na'urar da ke haɗa kwamfutocinsu, ina rufe fot ɗin da ba a amfani da su, wato kafofin da ake jona waya, kibiyar sama Enter, kibiyar sama Enter, hannu ya riga ido, umarnin rufewa, shutdown, ya faɗa kan fot ɗin da ni kaina nake bi na shiga. Nan take komai ya yanke, ma'aikata suna tsaka da aiki. Dole na ɗau kebul ɗin konsol, wayar da ake jona laftof da na'urar kai tsaye, na hau adaidaita cikin cunkoson yamma, raina a ɓace saboda mutanen sun ba ni amana. Tun ranar sai na karanta layin kafin Enter, kuma in aikin nesa ne nakan fara sa reload in 10, wato na'urar ta kashe kanta ta sake tashi bayan minti 10, in na rufe kaina a waje na'urar ta tashi da tsohon saiti, in komai lafiya in yi reload cancel in soke shi.

Roƙona malamai, a satin farko a ware darasi ɗaya a Packet Tracer, manhajar Cisco ta gwajin netwok a kwamfuta, a hana su sake buga umarni daga farko har hannu ya saba.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Mai karanta ku kullum,
daga Gyaɗi-Gyaɗi, Kano