Edita, ba labarin mutumin kirki da mugu ba ne

Assalamu alaikum Edita. Na karanta rubutun da kuka buga a shafin adabi kan tsofaffin littattafan Turawa, na ji daɗi sosai wallahi, amma akwai waje ɗaya da ya tsaya min a rai, inda marubucin ya ce labarin Dr Jekyll da Mr Hyde faɗa ne tsakanin mutumin kirki da mugu a jiki ɗaya. Haka kusan kowa ke faɗa, ni ma haka na ɗauka kafin in zauna in karanta littafin da kaina, to sai na ga ashe ba haka Robert Louis Stevenson ya rubuta ba a 1886.

Jekyll fa ba waliyyi ba ne. Da bakinsa ya faɗa a takardar da ya bari a ƙarshe cewa tun yana saurayi yake da wasu abubuwa na son zuciya da yake yi a ɓoye saboda yana so a riƙa ganinsa da girma a Landan, wato tun kafin ya haɗa maganin da ke rikiɗa shi ya koma Hyde shi mai fuska biyu ne, Musa a baki Fir'auna a zuci. Maganin kawai ya ba shi jikin da zai yi abin da ya ga dama ba wanda zai gane shi. Hyde mugu ne zalla, wannan gaskiya ne, amma Jekyll bai koma nagari zalla ba, yana nan yadda yake da kirkinsa da ƙazantarsa a cakuɗe. Kuma Stevenson bai taɓa gaya mana mene ne abubuwan da yake ɓoyewa ba, ya bar kowa ya cike gurbin da abin da ke cikin nasa cikin, ni a ganina nan ne gwanintar take.

Abin da ya fi tayar min da hankali ma ba Hyde ba ne, abokan Jekyll ne, manyan mutane masu mutunci da kowannensu ya ga wani abu ya ja bakinsa ya yi shiru. Ku duba tun farko, Hyde ya tattake wata ƙaramar yarinya a titi da tsakar dare, mutane suka taru a kansa, me aka yi? Aka ce ya biya fam 100 ko a ɓata masa suna, ya shiga wata ƙofar baya ya fito da fam 10 da cek na sauran mai ɗauke da sa hannun Jekyll, shi ke nan magana ta mutu. Wani mai suna Enfield da ya ga abin da idonsa ya ce shi ƙa'idarsa in abu ya yi kama da abin kunya to ba ya tambaya. Sai lauya Utterson, mutumin kirki ne ba shakka, amma lokacin da Hyde ya kashe dattijon ɗan majalisa Sir Danvers Carew da sanda, yana ganin guntun sandar ya gane ta domin shi ne da kansa ya ba Jekyll kyautarta shekarun baya, ya kai ɗan sanda gidan Hyde a unguwar Soho amma bai ce uffan kan mai sandar ba. Bayan nan akawunsa ya nuna masa rubutun Hyde da na Jekyll hannu ɗaya ne, karkatar kawai ta bambanta, maimakon ya kai wa hukuma sai ya jefa takardar a akwatin ƙarfe ya kulle. Dr Lanyon kuwa a gabansa Hyde ya rikiɗe ya koma Jekyll, firgicin ya kwantar da shi har ya mutu, duk da haka sai ya rubuta ya liƙe ambulan ya ce kada a buɗe sai Jekyll ya mutu ko ya ɓace. Haba! An kashe rai fa, amma kowa tsoronsa kada sunan aboki ya ɓaci.

Har gidan Jekyll ma haka aka gina shi a labarin, ƙofar gaba mai kyau inda baƙi ke shiga, ta baya kuma duk ta lalace tana fuskantar wani lungu, ta nan Hyde ke shiga da makullinsa, kuma gida ɗaya ne. Stevenson ɗan Edinbura ne, an haife shi 1850, ya taso da labarin William Brodie, kafinta kuma kansila mai daraja da rana, ɓarawo mai fasa gidaje da dare, wanda aka rataye a 1788, don haka ya san irin waɗannan mutanen ba a tatsuniya kawai suke ba.

Tsoron da ke cikin littafin a hankali yake zuwa. Da farko Jekyll gani yake duk ranar da ya so zai rabu da Hyde, sai wata safiya ya farka ya ga hannunsa ya koma na Hyde alhali bai sha komai ba, daga baya ma da rana tsaka a wurin shaƙatawa na Regent's Park abin ya zo masa, ya koma shan magani don ya dawo kamanninsa, ga gishirin da yake haɗawa da shi ya ƙare, sabon da aka sayo ya ƙi aiki domin ashe wani gurɓaci da ke cikin na farkon ne ke yin aikin. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ɗabi'ar ɓoye ke cin mai ita zai gane wannan, abin da kake kira da kanka ya koma yana zuwa ba gayyata.

Ba Jekyll kaɗai ne mai irin wannan ɓoyon ba kuma. Oscar Wilde a littafinsa na 1890 ya sa Dorian Gray ya kulle hotonsa a ɗakin sama, hoton na tsufa yana munana shi kuma fuskarsa fes. A littafin Mary Shelley na 1818, Victor Frankenstein ya san halittar da ya haɗa da hannunsa ce ta kashe ƙaninsa, yana kallo aka yanke wa Justine, mai aikin gidansu, hukuncin kisa kan laifin da ba ta yi ba, bai buɗe baki ba don kada a ce ya haukace. Wannan wajen har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Don Allah Edita ku ba marubucin dama ya sake komawa kan littafin, wannan karon ya bar Hyde ya huta ya duba Utterson da akwatinsa na ƙarfe, ina so in ji ko shi yana ganin abota ce ko kuwa hannunsa na cikin laifin.

Naku,
mai bibiyar shafin adabi