Kun Yabi Fenti, Ba Ku Buɗe Ƙofar Baya Ba

Assalamu alaikum Malam Edita. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka.

Shirinku na daren Talata ne ya hana ni barci. Kusan rabin awa wakilinku ya ɓata yana zagaya motocin asibitin nan na ɗaukar marasa lafiya yana yabo, wai farare tas, ga jan layi a ciki, ga fitilu a ka, har aka kunna mana jiniya muka sha ta rediyo. Shi kuwa baƙon naku ba abin da yake yi sai lissafa yawan motocin da aka sayo. Har aka rufe shirin ban ji wanda ya ce a buɗe ƙofar baya a leƙa ba. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan.

Ni direba ne, shekara 23 ina bin hanyar Kano zuwa Zariya, saboda haka ba a burge ni da fenti. A daminar bara numfashin mahaifiyata ya sarƙe cikin dare. Muka kai ta asibitin ƙaramar hukumarmu, suka duba suka ce ya fi ƙarfinsu, sai babban asibiti a birni. Motar asibiti na nan a ajiye a gindin darbejiya, sabuwa dal, irin waɗanda kuka yaba sak, da hoton wani ɗan siyasa a kowane gefe, ya fi sunan asibitin girma. Sai da aka je gida aka taso direba. Da zuwansa ya ce, "Alhaji, babu mai fa." Na ƙirga masa naira dubu 25 ban ce uffan ba, don ba lokacin ciniki ba ne.

Da ya buɗe baya sai gabana ya faɗi. Gadon ɗaukar mara lafiya na nan, amma ba ɗamarar da za a ɗaure ta. Tulun iskar oksijin na jingine a lungu, na murɗa da hannuna, ko huci babu. Durowoyin magani ko ledar kamfani ba a ɓare musu ba, na ja ɗaya, wayam. Na ce ina nas ɗin da za ta bi mu? Aka ce mutum biyu ne kawai a bakin aiki, ba mai barin ɗakin marasa lafiya. Haka muka kama hanya, ƙanwata ta tallafe kan Inna a cinya, ni kuma na ɗaga ledar ƙarin ruwa sama da hannu don maƙalinta ya karye. In hannun dama ya sage in koma na hagu, sama da awa guda. Duk ramin da muka faɗa sai gadon ya zame, in tokare shi da gwiwa. Inna na jan numfashi kamar ana zuƙar kunu da kara, mu kuma ba abin da muka iya sai salati. Allah ya yi da sauran kwananta a gaba, ta yi kwana tara a kwance ta tashi. Amma Malam Edita, me ya raba wannan mota da bas ɗina ta haya, ban da jiniya?

Ɗana da ke karatun aikin jinya ne ya fahimtar da ni shuɗin tauraron nan mai reshe shida, mai sanda da maciji a tsakiya, da ake mannawa a jikin motocin. Ya ce daga Amurka aka samo shi, kuma kowane reshe aiki ne: gano mai bukata, kai rahoto, zuwa wurin, kula da shi a nan take, kula da shi a kan hanya, sannan miƙa shi ga asibitin da ya dace. To, a daren nan reshe na biyar ni da ƙanwata ne muka yi shi, ni da ko allura ban taɓa riƙewa ba. Wanda ya manna tauraron ya ɗauki alkawari, ko ya sani ko bai sani ba.

Kuma ba a ce ba doka ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mutum a halin gaggawa, ta kuma ware kashi 5 cikin ɗari na asusun kula da lafiya a matakin farko don irin wannan aiki. A 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da NEMSAS a Abuja, tsarin motocin gaggawa na ƙasa. Ga lambar kiran gaggawa ta 112, ga 122 ta jami'an kiyaye haɗurra. Baƙonku yana zaune a gabanku, me ya hana ku tambaye shi wa ke cika tulun iska, wa ke sayen mai, mutum nawa aka horar su zauna a baya tare da mara lafiya? Ko ladabi ne ya yi muku yawa?

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da baƙon ya juyo kanmu direbobi, wai ba ma ba da hanya. Ba zan rantse wa kowa ba, akwai marasa imani a cikinmu, har da masu manne wa motar a baya don su tsallake cunkoso. Amma ni na san dalilin da ya sa ake rubuta AMBULANCE a juye a goshin motar, don in karanta daidai ta madubina in kauce, kuma ina kaucewa. Sai dai da idona na ga motar asibiti tana jiniya a Kwanar Ɗangora, da ta gifta na hango buhunan albasa ta gilashin baya. Wata kuma kujerun biki ta ɗauko. Wanda ya ga haka sau biyu, a na uku sai ya yi shakka. Mutanen ƙauyenmu ma motar gawa suke ce mata, don sun fi ganin ta dawo da mamaci a kan ta tafi da mai rai.

Don Allah ku sake tura wakilin naku, ba ranar bikin ƙaddamarwa ba, ba kuma tare da jami'i ba. Ya je ƙarfe biyun dare, ya ce a buɗe masa baya, ya murɗa tulun da hannunsa, ya bar makirfo a kunne mu ji.

Sai kuma layin wayarku. Sau 11 na kira a daren, ko dai a ce ana magana ko a ɗauka a katse, katina ya tafi a banza, amma mutum uku ɗin nan da muka haddace muryoyinsu kullum sai sun shiga su gai da abokansu. Tallan maganin basir ɗin nan kuma da kuke sakawa a tsakiyar shiri, a rage masa ƙara, yana tayar min da jikoki daga barci.

Naku mai sauraro kullum,
wani direba daga Kano.