Kan masu cewa a toshe bakin 'yan barkwanci

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in sa baki cikin wannan surutu da ake ta yi cewa 'yan barkwancin TikTok sun lalace, a kama su duka.

Jiya a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura muka kai har goman dare muna musu, shi ne na kawo masu labarin wani Bature, Jerry Sadowitz. A Amurka aka haife shi 1961 amma a Glasgow ta Birtaniya ya tashi, sana'arshi biyu, barkwanci da rufa ido, kuma a wasan dabo da karta su kansu masu sana'ar sun sara mashi. To amma bakinshi fa, wallahi ko mu Katsinawa da ake mana tsiya wai ashar ce gaisuwarmu sai mun toshe kunne. A 1991 a Kanada ya hau dandamali ya buɗe da zagin mutanen ƙasar, wani ɗan kallo ya taso ya zabga mashi naushi har ya suma. A 2022 kuma a bikin wasanni na Edinburgh dare ɗaya ya yi aka soke mashi na biyu, saboda ƙorafin batsa da kalaman wariya. Wannan kam ni ban kare shi, abin da bai kamata ba bai kamata ba.

Ga inda nake so a tsaya. A 1987 ya fitar da faifai, a ciki ya fito fili ya ce Jimmy Savile, wancan babban mai gabatar da shirye-shirye na BBC, yana lalata da yara. Aka janye faifan daga kasuwa don tsoron ƙarar ɓata suna, shi kuwa Savile sai gaba ya ci, a 1990 ma har sarautar Sir aka ba shi, yana ta tara ma asibitoci kuɗi ana tafa mashi, ya mutu 2011 aka yi mashi jana'izar girma, sai a 2012 asiri ya tonu, mutane ɗaruruwa suka fito suka faɗi abin da ya yi masu. Shekara 25 kenan fa. Manya masu kwat da ilimi duk sun yi gum, mai bakin ashar ɗin nan da ba a ɗauka mutum ba shi ya faɗa.

Mu ma ai ba baƙin abin ba ne. Wawan sarki a fada yana faɗin abin da hakimi bai isa ya furta ba, 'yan kama da 'yan gambara haka suke yi a kasuwa, a yi dariya amma saƙo ya isa. Yanzu fa? A 2022 kotu a Kano ta sa aka yi ma wasu samari biyu bulala 20-20, da tara, da sharar kotu, don sun yi barkwanci da gwamnan lokacin. Masu rawar banza da batsar gaske kuwa da yawansu suna nan sai ƙarin mabiya suke.

Wani dattijo a majalisar ya ce mani ai wancan ƙasar Turawa ce. Na ce Baba haka ne, amma a nan in yaro ya yi wasa da maganar kuɗin tsaro ko taki, wa ake fara nema, shi ko wanda ya ci kuɗin? Bai ba ni amsa ba, sai ya ce a ƙaro shayi.

Naku,
Mai karatu daga Ƙofar Ƙaura, Katsina