Likita ya ji "da sauƙi", ya rubuta sallama

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina roƙon ɗan fili a jaridarka in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda likitocin ƙwaƙwalwa ke auna tsananin ciwon damuwa a wurin waɗanda aka kwantar a asibiti. Ni malamar makaranta ce, ban karanta aikin likita ba. Abin da ya ba ni bakin magana shi ne makonni uku da na yi ina shimfiɗa tabarma a gefen gadon yayata a wani babban asibiti.

Bayan ta fita takaba, Yaya ta daina cin abinci sai an matsa mata. Tana farkawa tun ƙarfe uku na dare, barci kuma ba zai dawo ba. Ta rame har zobenta yana zamewa. Abin da take faɗa kullum shi ne kanta na zafi kamar an ɗora garwashi, ƙirjinta kuma ya yi nauyi. Sau biyu aka yi mata maganin zazzaɓin cizon sauro, sau ɗaya na taifod, kafin wani ya ce mu gwada ɓangaren ƙwaƙwalwa, aka ba ta gado.

To ga inda gizo ke saƙa. Ranar da likitoci ke zagaye, Yaya kan lallaɓa ta yi wanka, ta sa hijabinta mai tsabta, ta zauna tsaf, domin a gidanmu ba a tarbar baƙo a kwance. Babban likita zai tsaya da ɗalibai a bayansa, ya ce, "Hajiya, yaya jiki?" Ita kuma ta ce, "Da sauƙi, likita, alhamdu lillahi." Wace amsa ce kuma Bahaushiya mai shekara hamsin za ta bayar, ga ƙanin mijinta tsaye, ga samari shida da biro a hannu? Ko wanda ke gargarar mutuwa ka gaishe shi da jiki, da sauƙi zai ce maka. Gaisuwa ce, amma sai aka rubuta ta a fayil kamar sakamakon gwaji. A gadon da ke kusa da namu akwai wata baiwar Allah mai kuka da ƙarfi, kuma wurinta ake daɗewa. Ba na yi mata hassada, ita ma ciwo ne ya kawo ta. Sai dai na ga da idona yadda hawaye ke sayen lokacin likita, kawaici kuwa ya sa a wuce ka.

Aka sallame mu da cewa abin ya yi sauƙi. Ba a yi kwana goma ba Yaya ta ce wa 'yarta da Allah zai ɗauki ranta da kowa ya huta, ta daina ko shan ruwa. Muka koma a guje. A wannan karon wata likita ce ta karɓe mu. Ta fitar da mu duka waje, ta rufe ƙofa, ta zauna da ita fiye da rabin sa'a tana yi mata tambayoyi da Hausa. Da ta fito sai ta ce ciwon ya kai matsanancin mataki, kuma ba jiya ya kai can ba.

Daga baya na shiga karance-karance, na gane cewa masana kansu sun daɗe da sanin wannan son rai da ke shiga hukuncin likita ba tare da ya sani ba. A ƙarshen shekarun 1960 an yi wani babban nazari tsakanin Amurka da Ingila, inda aka nuna wa likitocin ƙasashen biyu hotunan bidiyo na marasa lafiya iri ɗaya. Na Amurka sun fi karkata ga cewa sikizofiriniya ce, wato taɓin hankalin da kan sa mutum ya riƙa ji ko ganin abin da babu, na Ingila kuma sun fi ganin ciwon damuwa da danginsa. Mara lafiya ɗaya, hukunci biyu, gwargwadon inda likita ya yi karatu. A 1968 kuma wani masani mai suna Maurice Temerlin ya kunna wa likitocin ƙwaƙwalwa muryar wani ɗan wasa da ke kwaikwayon mutum lafiyayye. Kafin su saurara, an sa sun ji wani babban malami yana cewa mutumin na da taɓin hankali, sai mafi yawansu suka bi bayansa. Wannan ne ya fi taɓa ni, domin haka na gani: abin da aka rubuta ranar farko a fayil ɗin Yaya shi kowane ƙaramin likita ya riƙa maimaitawa har ranar sallama.

Mu a Afirka ma muna da tsohon tabo. A zamanin mulkin mallaka wani likita, J. C. Carothers, wanda ya yi aiki a asibitin Mathari na Nairobi, yana cikin waɗanda suka yaɗa cewa baƙar fata ba ya cika yin ciwon damuwa. Bincike ya rushe wannan magana tuntuni. Abin da ya rage shi ne mutanenmu sun fi faɗin ciwon da harshen jiki, su ce zafin kai, ko kasala, ko wani abu na yawo a ƙarƙashin fata, kuma wanda ke jiran ya ji "ina cikin baƙin ciki" zai daɗe yana jira.

Akwai ma'aunan tsananin ciwon damuwa, kuma ba sababbi ba ne. Max Hamilton na Jami'ar Leeds ya fito da nasa a 1960, mai tambayoyi 17 da aka fi amfani da su, uku daga ciki kan barci kaɗai. Amma likita ne ke cike shi, don haka tunanin da ya shigo da shi ɗaki na iya bin biro har kan takarda. Ɗaya daga cikin tambayoyin kan zargin kai ne, alhali mai imani da ƙaddara zai ce maka haka Allah ya so ko da zuciyarsa na tafasa. Akwai kuma PHQ-9, tambayoyi tara kan makonni biyun da suka wuce, wanda mara lafiya ke amsawa da kansa, maki daga 0 zuwa 27, kuma daga 20 zuwa sama ana ɗauka ciwon ya yi tsanani. Tambaya ta tara kan tunanin mutuwa ce. Wa zai amsa ta da gaskiya a gaban surukai, a ƙasar da dokokin laifuka suka daɗe suna ɗaukar yunƙurin kashe kai a matsayin laifin da ake ɗaure mutum a kansa?

Na san likitocin nan kaɗan ne ƙwarai a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, na ga layin da ke jiransu, na kuma ga gajiya a fuskokinsu. Saboda haka abin da nake roƙo ba mai cin kuɗi ba ne. A ga mara lafiya shi kaɗai, ko sau ɗaya, kafin a rubuta matakin ciwonsa, kuma kada miji ko suruki ya zama tafinta. A tambayi nas ɗin dare da mai jinya, domin su ne suka san wanda bai runtsa ba da kwanon abincin da aka mayar ba a taɓa ba. Ni makonni uku na yi a wurin, ba wanda ya ce mini, "Malama, me kika gani?" A kuma sake awo da ma'auni ɗaya ranar shiga da ranar fita, ta hannun wanda bai fara karanta ra'ayin na farko ba.

A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Ina roƙon jaridarka ta tura wakili ya tambayi shugabannin asibitocin ƙwaƙwalwa na arewa ko ana amfani da waɗannan ma'aunai da Hausa a ɗakunan kwanciyarsu, kuma wa ke cike su.

Yaya tana gida yanzu, tana shan maganinta, ta koma ɗinkin hulunanta. Har yau in na gaishe ta da jiki, da sauƙi take cewa. Sai in zauna kusa da ita in tambaye ta ƙarfe nawa ta farka, da kuma abin da ta ci tun safe.

Wassalam,
Wata malamar makaranta, daga Funtuwa